Alhakin mayar da kuɗi idan kayan intanet suka ɓace a hanya

Alhakin mayar da kuɗi idan kaya suka ɓace a hanya batu ne na dokar ciniki da ke fayyace wanda zai ɗauki asara idan mutum ya sayi kaya ta intanet, ya biya kuɗi, aka tura kayan, amma ba su iso hannunsa ba. Ɓangarorin da abin ya shafa yawanci huɗu ne: mai saye, mai sayarwa, kamfanin jigila ko gidan waya, da kuma banki ko dandalin da kuɗin ya bi ta kansa. A dokokin kare masu saye na Tarayyar Turai da Birtaniya, kaya suna wuyan mai sayarwa har sai sun shiga hannun mai saye. Shi ne zai mayar da kuɗi ko ya sake tura wasu kayan, daga baya ya nemi diyya wurin kamfanin jigila. Sai dai ba a kowace ƙasa doka ta tsaya a kan haka ba.

Yarjejeniya biyu

A kowane ciniki irin wannan akwai yarjejeniya biyu daban-daban. Ta farko tsakanin mai saye da mai sayarwa ce: wannan ya biya, wancan ya yi alkawarin kawo kaya. Ta biyu kuwa tsakanin mai sayarwa da kamfanin jigila ce, domin galibi mai sayarwa ne ke zaɓar kamfanin, shi ke biyansa, kuma rasit ɗin aikawa yana hannunsa. Ko da an caji mai saye kuɗin kawowa, ga mai sayarwa ya ba da su. Wannan ne ya sa kamfanonin jigila da yawa ba sa biyan diyya sai ga wanda ya aiko da kayan. Mai saye yana bin wanda ya karɓi kuɗinsa, shi kuma wannan yana bin wanda ya ɗauki dakon.

Asalin tambayar

Tambayar ta girmi intanet nesa ba kusa ba. A dokar Rumawa ta da, da zarar an ƙulla ciniki asara ta koma kan mai saye, ko da bai karɓi kayan ba. A fiƙihun Musulunci kuwa, mazhabar Hanafiyya da ta Shafi'iyya sun bar lamunin kaya a kan mai sayarwa har sai mai saye ya karɓa. Dokar Sayar da Kaya ta Ingila ta 1893, a sashe na 32, ta ɗauki miƙa kaya ga mai jigila tamkar miƙa su ga mai saye, in dai babu abin da ya nuna akasin haka. Irin wannan ƙa'ida ta dace da 'yan kasuwa masu tura kaya a jirgin ruwa, waɗanda suka san harkar inshora. Ba ta dace da wanda ya sayi takalmi ɗaya daga shagon da bai taɓa gani ba, shi ya sa dokokin kare masu saye suka sauya ta a wurare da dama.

Tarayyar Turai da Birtaniya

Dokar Haƙƙin Masu Saye ta Tarayyar Turai ta 2011, wadda aka fara aiki da ita a watan Yunin 2014, ta wajabta wa mai sayarwa kawo kaya cikin kwana 30, sai fa idan an amince da wani lokaci daban. Idan ya saɓa, mai saye zai ƙara masa wa'adi, in ya sake saɓawa sai ya soke cinikin ya karɓi kuɗinsa. Sashe na 20 ya ce asara ba ta komawa kan mai saye sai shi, ko wani da ya wakilta, ya karɓi kayan a hannu. Togaciya ɗaya ce: idan mai saye ne ya ɗauko kamfanin jigilarsa, wanda ba ya cikin waɗanda mai sayarwa ya gabatar, to asara ta koma kansa tun lokacin da aka miƙa wa kamfanin kayan.

Birtaniya tana da irin wannan tanadi a sashe na 28 da na 29 na Dokar Haƙƙin Masu Saye ta 2015. Bugu da ƙari, sashe na 75 na Dokar Bashin Masu Saye ta 1974 ya haɗa bankin da ya ba da katin bashi da mai sayarwa a cikin alhakin, idan farashin abin da aka saya ya haura fam 100 amma bai wuce fam 30,000 ba.

Amurka

A Amurka lamarin ya fi sarƙaƙiya. Dokar cinikin da jihohi ke bi ta raba yarjejeniya gida biyu. A ɗaya, nauyin mai sayarwa yana sauka da zarar ya miƙa kaya ga mai jigila. A ɗayar kuwa, sai kayan sun isa wurin da aka ambata. Wasu manyan shagunan intanet suna rubuta nau'in farko a cikin sharuɗɗansu, ko da yake sau da yawa sukan mayar da kuɗi don kada su rasa abokin ciniki. Hukumar kula da ciniki ta tarayya, FTC, tana da ƙa'idar da ta tilasta wa mai sayarwa tura kaya a lokacin da ya ɗauki alkawari, ko cikin kwana 30 idan bai ambaci lokaci ba. In ya kasa, dole ya nemi amincewar mai saye a kan jinkirin ko ya mayar da kuɗi. Wata doka ta 1974 kuma ta ba mai katin bashi damar ƙalubalantar cajin kayan da ba a kawo ba, a rubuce, cikin kwana 60 daga ranar da aka aiko masa takardar lissafin da cajin ya fito.

Najeriya

A Najeriya wasu jihohi suna amfani da dokar Ingila ta 1893 da aka gada, wasu kuma suna da nasu dokokin da aka gina a kanta. Dokar Gasa da Kare Masu Saye ta 2018, wadda aka sanya wa hannu a farkon 2019, ta kafa hukumar FCCPC mai karɓar ƙorafin masu saye, har da na cinikin intanet. Ƙorafin da ya shafi kuɗin da aka cire ta kati ana fara kai shi ne bankin mai asusun, idan bai warware ba sai sashen kare abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya. Tsarin biya bayan an kawo kaya, wanda ya yaɗu a ƙasar, yana barin asarar hanya a kan mai sayarwa, tunda kuɗi bai bar hannun mai saye ba.

Iyakar diyyar kamfanin jigila

Kamfanin jigila ba lallai ne ya biya cikakken kuɗin kayan da ya ɓatar ba. Yarjejeniyar Geneva ta 1956 kan jigilar kaya a mota tsakanin ƙasashe, bayan gyaran 1978, ta tsayar da diyya a kan SDR 8.33 ga kowane kilo. SDR ma'aunin kuɗi ne na Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Ke nan wayar hannu mai tsada, wadda ita da kwalinta ba su wuce rabin kilo ba, diyyarta ba za ta kai dala 10 ba. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ma da kilo take auna diyyar kayan jirgin sama. Don haka masu sayarwa ke bayyana darajar kaya ko su yi musu inshora. Ƙarancin diyyar da mai sayarwa ya samu ba ya rage abin da mai saye ke binsa.

Bankuna da dandalin ciniki

Kamfanonin kati irin su Visa da Mastercard suna da tsarin da bankin mai saye ke janyo kuɗi daga bankin mai sayarwa idan kaya ba su iso ba, yawanci cikin kwana 120. PayPal yana ba da kwana 180 daga ranar biya don shigar da ƙorafi, amma kariyar ba ta shafi kuɗin da aka tura da sunan 'yan uwa da abokai ba. Amazon da eBay ma suna da tsarin lamuni ga kayan 'yan kasuwar da ke sayarwa a dandalinsu. Wanda ya tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun mai talla a kafar sada zumunta ba ya cikin wannan kariya, ko da yake haƙƙinsa a kan mai sayarwar yana nan.

Inda ake yawan saɓani

Rigima ta fi tasowa idan lambar bibiya ta nuna an kai kaya, mai saye kuma ya ce bai gani ba. A nan ana duba sa hannu, hoton isarwa da adireshin da aka kai. Idan ɗan aike ya ajiye ƙunshi a ƙofar gida ko wurin maƙwabci ba da izini ba, hujjar mai saye tana da ƙarfi. Idan kuwa shi ya ce a bar wa maƙwabcin, ko ya rubuta adireshi ba daidai ba, hujjarsa ta yi rauni. Haka nan masu saye daga Afirka da ke ba da adireshin wani kamfanin dako a Amurka, Ingila ko Sin domin ya ƙarasa musu da kaya gida: nauyin shagon yakan sauka da zarar kaya sun isa wannan adireshi. Abin da ya ɓace daga nan zuwa Legas ko Kano tsakanin mai saye ne da kamfanin dakon.

Kusan kowace hanyar neman haƙƙi tana da wa'adi, kuma tana buƙatar shaida. Shi ya sa ake so mai saye ya adana rasit da lambar bibiya, ya fara sanar da mai sayarwa a rubuce, sannan ya garzaya dandali ko banki kafin wa'adinsu ya cika.