Zane Ɗaya, Kabad Ɗari: Yadda Kwamfuta Ke Rage Wa Kafintoci Asara

Masu ƙera kayan ɗakin girki da dama sun daina zana kowane kabad daga farko. A manhajar SketchUp, wadda ta fito a shekarar 2000, akan zana ƙofa ko durowa sau ɗaya, a adana, a riƙa ɗaukowa a kowane sabon aiki. In aka gyara ɗaya, sauran irinta a zanen duk su gyaru.

Ribar tana ga daidaita awo. Masana'antun Turai kan huda ramuka a tazarar milimita 32, don haka hinji ɗaya yakan hau kabad iri-iri. Lissafin katako da farashi kuwa yakan fito tun kafin a yanka.

Sai dai kuskuren awo ɗaya kan bi kwangilar baki ɗaya. Saboda haka a fara haɗa guda a gwada.