Yadda masu wasan Warhammer ke tsufar da sabon gini da fenti

Masu wasan Warhammer, wanda kamfanin Games Workshop na Ingila ya fito da shi a 1983, suna gwabza yaƙi ne a kan tebur da 'yan mitsi-mitsin sojojin roba. Amma kafin a jera soja ko ɗaya, sai an gina fagen daga: ganuwa, kufai da duwatsu. Galibi ana sassaƙa su da soso mai tauri, dangin wanda ake samu a kwalin sabon talabijin.

Babban aikin shi ne tsufar da ginin. Da farko ana shafa fenti mai duhu. Sai a kwarara tsinkakken baƙin fenti, ya gangara cikin tsagogi kamar dattin shekaru. Daga nan a tsoma buroshi a fenti mai haske, a goge shi da tsumma har ya kusa bushewa, a shafa sama-sama. Gefen duwatsun kaɗai ke kamawa, su fito kamar sun sha iska da rana.

Gaggawa ce ke jawo asara. Fentin feshi na gwangwani yana narkar da soson. Duk wanda bai fara rufe shi da gam ba, aikinsa na mako guda zai lotse yana ji yana gani.