Kulle Na'urar Tsakiya da Shan Mai a Mota Mai Ja da Ƙafa Huɗu

A motoci irin su Toyota Prado, akwai na'ura a tsakiya mai raba ƙarfin inji tsakanin tayoyin gaba da na baya. Idan tana buɗe, kowane ɓangare yana juyawa daidai da tafiyarsa, domin a kwana tayoyin gaba sun fi na baya cin nisa. Da zarar an kulle ta, dole gaba da baya su juya tare. A kan kwalta sai tayoyi su riƙa gogar titi, inji ya ƙara wahala, mai ya ƙone a banza, taya ta cinye.

Misali, hanyar Kujama zuwa Kachia kwalta ce, ba ta buƙatar kullewa. Amfanin kulle na'urar yana hanyoyin gona da damina, inda taɓo ke sa taya juyawa wuri ɗaya. Hilux kuwa yawanci ba ta da wannan na'ura, don haka sa ta a H4, wato ja da ƙafa huɗu, tamkar kullewa ne.

Tun cire tallafin mai a Mayun 2023, barin na'urar a kulle bayan an hau kwalta asara ce mai zafi.