Bayan an ajiye bindiga, wa za a tambaya? Mata, matasa da sulhu a Kamaru

A Yaoundé, daga unguwarmu Briqueterie zuwa Palais des Congrès ba wata tafiya ba ce, ɗan acaba zai kai ka ta Tsinga kafin shayinka ya huce. A wannan zaure aka yi babbar tattaunawar ƙasa daga 30 ga Satumba zuwa 4 ga Oktoba 2019, ƙarƙashin Firaminista Joseph Dion Ngute. A nan kuma mata fiye da dubu, daga kowace jiha ta Kamaru, suka yi taronsu na neman zaman lafiya daga 29 zuwa 31 ga Yuli 2021. Amma da yawa daga cikinmu na ɗaukar waɗannan taruka a matsayin harkar manya.

Ba harkar manya ba ce kawai. Briqueterie, wato Brik, tsohon zango ce, kuma har gobe wanda ya taso daga Mora, Kolofata ko Kuseri yana neman wurin sa haƙarƙarinsa, nan yake fara sauka. Yaƙin Boko Haram da ya yi tsanani a Arewa Mai Nisa tun 2014, da rikicin Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma da ya faro da yajin aikin lauyoyi da malamai a 2016, duk sun shigo mana gida.

Abin da masana ke kira adalcin bayan rikici ba wani baƙon ilimi ba ne. Hanya ce da ƙasa ke bi ta fuskanci ɓarnar da aka yi: a faɗi gaskiyar abin da ya faru, a hukunta manyan masu laifi ko daga wane ɓangare suke, a biya waɗanda aka zalunta, a gyara soja da kotu don kada a maimaita. Tarayyar Afirka ta amince da tsarinta a kan haka a Fabrairun 2019. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san tushen maganar: tuba ba ta cika sai an mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa, kuma yafiya ta wanda aka zalunta ce, hukuma ba ta yafewa a madadinsa.

To, me Kamaru ta yi? A ranar 30 ga Nuwamba 2018 aka kafa hukumar CNDDR don karɓar makamai da mayar da mayaƙa cikin jama'a, da cibiyoyi a Bamenda, Buea da Mora. Aiki ne mai amfani, ban raina shi ba. Sai dai wanda ya riƙe bindiga kaɗai hukumar take kallo. Wadda aka ƙone wa rumbu, aka kashe mata miji, ba ta da ƙofar da za ta buga. Idan tubabbe ya fito da sana'a ya dawo ƙauye, ita kuwa ko ban haƙuri ba ta samu ba, ƙiyayya aka shuka.

An yi shari'a, amma kaɗan. Bidiyon Zelevet ya bazu a Yulin 2018, inda sojoji suka harbe mata biyu da yaransu biyu. Da farko hukuma ta ce ƙarya ce, daga baya, a Satumban 2020, kotun soja ta Yaoundé ta ɗaure huɗu shekara goma-goma, ɗaya shekara biyu, a zaman da ba a bar jama'a sun shiga ba. A Ngarbuh ma, ranar 14 ga Fabrairu 2020, yawancin waɗanda aka kashe yara ne, sai da aka matsa kafin binciken gwamnati ya amince da hannun sojoji. 'Yan aware da Boko Haram su ma sun kashe ɗalibai da 'yan kasuwa ba adadi.

Dalilin sa mata a gaba ba tausayi ba ne. Akwai ɓarnar da namiji ba zai taɓa jin labarinta ba. Yarinyar da aka sace aka yi mata auren dole a daji, ta dawo da goyo, ba za ta buɗe baki a gaban hakimi da jandarmomi ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Hukumar gaskiya ta Afirka ta Kudu ta ga haka a 1996: mata na zuwa suna ba da labarin mazajensu da 'ya'yansu, suna ɓoye nasu, sai da aka ware musu zama na musamman. Gambiya ma, bayan mulkin Yahya Jammeh, ta shirya wa mata ƙananan zama a garuruwansu.

Ga kuma matsalolin da sai mace ke tuna su. Matar da mijinta ya ɓace, ba gawa ba labari: ita ba mai aure ba, ba mai takaba ba. A mazhabar Malikiyya sai ta kai ƙara wurin alƙali, ta jira shekara huɗu, sannan ta yi idda. Wa zai ciyar da yara a tsakani? Yaya za a raba gado ba takardar mutuwa? Yaron da aka haifa a gudun hijira ba shi da takardar haihuwa, ba zai zauna jarrabawar kammala firamare ta CEP ba, ya girma ba katin ɗan ƙasa, kowane shingen bincike ya zame masa tashin hankali. Irin wannan aiki Marthe Wandou ta ƙungiyar ALDEPA da Aissa Doumara ta Marwa suka daɗe suna fama da shi. Marthe Wandou, da Esther Omam da Sally Mboumien, su suka karɓi kyautar Jamus ta Afirka ta 2023 a madadin taron matan nan na 2021, inda Musulma da Kirista suka zauna layi ɗaya.

Matasa kuwa su ne a kowane gefe na bindiga: su aka ɗauka mayaƙa, su ne 'yan banga, su ne ƙananan sojoji, su kuma ake kwashewa a samame. Dokar yaƙi da ta'addanci ta Disamban 2014 ta ba kotun soja ikon yi wa farar hula shari'a, kuma samari da dama sun daɗe a tsare kafin a saurare su. Saurayin da ya san ciwon zargi shi ya fi iya janyo ɗan'uwansa daga daji. Achaleke Christian Leke da ƙungiyarsa Local Youth Corner sun nuna haka, da koyar da sana'a a gidajen yari.

A takarda an yarda da duk wannan. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri na 1325 kan mata a 2000, da na 2250 kan matasa a 2015, Kamaru kuma ta fitar da shirinta na aiwatar da na mata a 2017. Abin da ke ɓata min rai shi ne yadda ake gayyatarsu su cika kujeru, su sa anko, a ɗauki hoto, sannan a shiga ɗaki a yanke shawara ba su. Ba a yi wa mutum aski ba ya nan.

Brik ba sai ta jira an kafa hukuma ba. Muna da ƙungiyoyin adashe, da Islamiyyun matan aure, da majalisun teloli da 'yan tsire. Malama za ta iya zama da baƙuwar da ta zo daga Mayo-Sava, da yardarta kuma cikin sirri, a rubuta sunan wanda ya ɓace, da garin, da shekarar. Ɗalibanmu na jami'a za su iya raka iyaye kotu a nemo wa yara hukuncin da ke maye gurbin takardar haihuwa. Idan kuma gayyata ta zo wa masarautar unguwa ko limamai cewa a turo wakilai taron sulhu, a tambaya tun kafin a rubuta sunaye: mata nawa ne a ciki, samari nawa, kuma za a ba su damar magana?