Tassa da wake: yadda Adar ke farfaɗo da fako

Awarar da ake soyawa a kasuwar Tawa, ba a Adar aka noma wakenta ba. Waken suya yana son ruwa fiye da abin da damina ke bai wa wannan yanki, inda ba safai ruwan shekara ke wuce milimita 400 ba. Amma alherin da yake yi wa ƙasa, waken gida ma yana yin sa: ƙulle-ƙullen saiwarsa suna kama sinadarin azot daga iska, hatsin da ya biyo baya ya amfana.

Sai dai wake ba ya tsira a kan fako, ƙasar da ta daskare har ruwan sama ke gudu a bisanta. A 1984 ne Italiya da hukumar FAO suka buɗe babban aikin Keita: jerin duwatsu, ramukan dashe a gangaren tsaunuka, madatsai a koramu. Mata ne suka fi ɗaukar duwatsun, a bakin abincin hukumar PAM, domin maza sun tafi bida. Cikin shekaru kusan 20, an dasa itatuwa kimanin miliyan 18.

Dabarar da ta fi shiga hannun talaka kuwa, ba ta bukatar injin. A 1989 manoman Illela suka ziyarci Yatenga ta Burkina Faso, suka dawo suka gyara tassa irin tasu: rami mai faɗin taƙi guda ko fiye, a tara ƙasarsa ta gefen gangare, a zuba taki cikin tafi. Takin ya jawo gara, gara ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar nutsewa. Kafin ƙarshen shekarun 1990, fakon da a da ko kyauta ba a so ya zama abin saye da sayarwa, kuma ’yan kasuwa na cikin masu sayen.

Inda gizo ke saƙa shi ne bayan girbi. Harawa tana da tsada wajen masu turkar raguna, kara kuma ana kwashe shi don danni da dabbobi, gona ta kwana tsirara gaban iskar hunturu. Ma’aikaci ko ɗan kasuwar da ya sayi harawar ƙauye ya yi kiwo a cikin birni, takin ragonsa a birni yake tsayawa, sai in an ɗauki amalanke an mayar da shi bakin tassa.