Zazzaɓin cizon sauro: Yadda masana ke laluben lagon ƙwayar cutar, da abin da ya shafi Sabon Birni da Isa

Da zarar damina ta kankama a gabashin Jihar Sakkwato, fadamun Gulbin Rima da na Bunsuru da Gagare kan cika da ruwa. Wannan ruwa shi ne arzikin manoman Sabon Birni da Isa, amma a cikinsa ne sauro ke hayayyafa.

Daga Yuli zuwa Oktoba, da wuya a sami gidan da zazzaɓi bai leƙa ba, kuma yara ƙanana da mata masu juna biyu ne suka fi jin jiki.

Binciken ƙasa kan maleriya na 2021 ya nuna kusan kashi 36 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar da aka gwada a Jihar Sakkwato na ɗauke da ƙwayar cutar, alhali a faɗin Najeriya kashi 22 ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 597,000 cutar ta kashe a 2023, kuma kusan kashi 31 cikin 100 na mamatan 'yan Najeriya ne.

Maganin da ake dogara da shi a yau yana aiki. Sai dai ya fara rauni a wasu ƙasashen Afirka, shi ya sa masana suka duƙufa kan ƙwayoyin gadon cutar domin gano inda za a buge ta nan gaba.

Littafin da aka buɗe a 2002

Ƙwayar da ke haddasa zazzaɓi mafi kisa sunanta Plasmodium falciparum. Macen sauro ce ke zuba ta a jikin mutum, ta fara sauka a hanta, sannan ta shiga jajayen ƙwayoyin jini tana fasa su kusan duk bayan awa 48.

Kamar kowane mai rai, tana da DNA, wato rubutun da ke tsara yadda take ci da girma da haihuwa. Kowane sashe na rubutun, wanda ake kira ƙwayar gado, umarni ne na ƙera wani sinadari da take aiki da shi.

A Oktoban 2002 masana daga Cibiyar Sanger ta Ingila da wasu cibiyoyi biyu na Amurka suka wallafa cikakken rubutun a mujallar Nature: haruffa kusan miliyan 23, ɗauke da ƙwayoyin gado kimanin 5,300.

Abin da mai neman magani yake so a cikin wannan tuli shi ne sinadarin da ya cika sharuɗɗa biyu. Na farko, ƙwayar cutar ba za ta rayu ba in babu shi. Na biyu, jikin ɗan'adam ba shi da irinsa, ko nasa ya bambanta sosai, don kada magani ya kashe cuta ya haɗa da majiyyaci.

A 2018 wata tawaga a Jami'ar Kudancin Fulorida ta bi ƙwayoyin gadon tana lalata su don ganin waɗanda ƙwayar ba ta jure rashinsu. Ta lissafa 2,680 da dole ne sai da su take rayuwa a cikin jini.

Daga takarda zuwa kwalba

Tun kafin a kammala karanta rubutun aka fara cin moriyarsa. A cikin jikin ƙwayar akwai wani ɗan ƙunshi da ta gada daga dangin gansakuka, wanda ke sarrafa sinadarai ta hanyar da babu ita a jikin mutum.

A 1999 masana a Jamus suka gano wannan hanya a bayanan gadon, suka kuma nuna cewa wani tsohon magani mai suna fosmidomycin yana toshe ta. An gwada shi a Gabon da Tailan, zazzaɓin ya sauka, amma ya riƙa dawowa idan aka ba da maganin shi kaɗai.

Wata dabarar kuma ta baya ake bi. A zuba sabon sinadari kaɗan-kaɗan a kan ƙwayar a ɗakin gwaji har ta saba da shi, sannan a karanta DNA ɗinta a ga inda ta sauya. Wurin da ya sauya shi ke nuna abin da sinadarin yake kai wa hari.

Ta haka aka gane cewa cipargamin, wanda aka bayyana a 2010, yana lalata wani famfo da ƙwayar ke fitar da gishirin sodiyam da shi. Idan famfon ya tsaya, sai ta kumbura ta mutu.

Afirka ma ta sa hannu. Cibiyar H3D ta Jami'ar Kef Tawun, ƙarƙashin Farfesa Kelly Chibale ɗan Zambiya, ta jagoranci samar da MMV048, wanda ya kai matakin gwaji a jikin mutane kafin a dakatar da shi.

A Nuwamban 2025 kamfanin Novartis ya sanar da cewa sabon haɗin ganaplacide da lumefantrine ya warkar da sama da kashi 97 cikin 100 na majiyyatan da aka gwada shi a kansu a ƙasashen Afirka 12. Babu artemisinin a cikinsa, kuma sai hukumomi sun amince kafin ya shiga kasuwa.

Darasin kulorokwin

Manya a Gobir ba su manta da kulorokwin ba, da ɗacinsa da ƙaiƙayin da yake sa wa wasu. Shekaru da dama shi ne sarkin maganin zazzaɓi, har ƙwayar ta koyi fitar da shi daga inda yake yi mata illa.

A 2000 aka gano ƙwayar gadon da ke da alhakin haka, mai suna pfcrt. A 2001 binciken Abdoulaye Djimdé na Mali ya nuna cewa ana iya duba sauyinta a jini a san ko maganin zai gaza. Najeriya ta koma kan haɗin ACT a 2005.

Ƙashin bayan ACT shi ne artemisinin, wanda Tu Youyou ta ƙasar Sin ta tace daga wani tsiro ɗan'uwan tazargade, aikin da ya ba ta kyautar Nobel a 2015.

Shi ma an fara ganin jinkirin aikinsa a Kambodiya wajajen 2008, kuma a 2014 masanan Cibiyar Pasteur suka danganta hakan da sauyi a ƙwayar gado mai suna kelch13. An ba da rahoton irin wannan sauyi a Ruwanda a 2020, sai Yuganda a 2021, kuma an tabbatar da shi a Eritiriya da Tanzaniya.

Ba daga Asiya aka shigo da waɗannan nau'o'i ba. A nan Afirka suka tsiro da kansu, wanda ke nufin hakan na iya faruwa a duk inda cutar ta yi yawa kuma ake shan magani barkatai.

Me ya haɗa wannan da Sabon Birni da Isa?

Abu na farko shi ne maganin rigakafin damina da ake bi gida-gida ana bai wa yara daga wata uku zuwa wata 59. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin a 2012, aka fara shi a Katsina a 2013, ya iso Sakkwato da Zamfara a 2015.

Haɗi ne na SP, wanda aka fi sani da Fansidar, da amodiaquine. SP ɗin dai shi ake bai wa mata wajen awon ciki. Ƙarfinsa ya dogara ne kan ƙwayoyin gado biyu, dhfr da dhps, kuma wani sauyi mai lamba I431V a kan dhps, a samfuran Najeriya aka fara ganinsa. Masana na bibiyarsa saboda kare wannan shiri.

Na biyu shi ne iyaka. Sabon Birni na maƙwabtaka da Jihar Maraɗi ta Nijar, Gobirawan ɓangarorin biyu 'yan'uwa ne, ana cin kasuwa tare ana auratayya. Tun 2019 dubban mutane suka tsallaka can saboda hare-haren 'yan bindiga. Duk nau'in ƙwayar da ya ɓulla a gefe ɗaya, ba zai daɗe bai isa ɗayan ba.

Na uku shi ne tsaro. Ɗigon jini a kan takarda ta musamman, a busar a tura ɗakin gwaji, ya isa a karanta gadon ƙwayar. Amma sai akwai asibiti a buɗe da ma'aikacin da zai ɗiba. Inda ma'aikata suka gudu, jama'a kan koma wa kemis da 'yan talla, a sayi rabin magani gwargwadon kuɗin aljihu. Rabin magani kuwa yana kashe raunanan ƙwayoyi ne ya bar masu taurin kai su yaɗu.

Wa zai yi aikin?

Arewa ba baƙuwa ba ce a binciken maleriya. Aikin Garki, a Jihar Jigawa ta yanzu, wanda aka yi daga 1969 zuwa 1976, har gobe ana kafa hujja da shi a duniya.

Marigayi Farfesa Andrew Nok na Jami'ar Ahmadu Bello Zariya ya ci kyautar kimiyya ta NLNG a 2009 kan ƙwayar gadon wani sinadari na ƙwayar cutar sammore, wadda ke kashe shanu kuma danginta ke jawo ciwon barci.

A yau akwai cibiyar ACEGID a Ede ta Jihar Osun ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, da CAMRET a Jami'ar Usmanu Danfodiyo Sakkwato, da CERMES a Yamai. Taskar haɗin gwiwa ta MalariaGEN kuma ta fitar da bayanan samfura sama da 20,000 daga ƙasashe 33 a 2023.

Abin da ya rage shi ne a haɗa waɗannan ɗakunan gwaji da asibitocin karkara, a riƙa ɗibar samfura kowace damina, Najeriya da Nijar su riƙa musayar sakamako.

Kafin sabon magani ya iso

Samar da sabon magani kan ci shekara goma ko fiye, don haka kare wanda ke hannu wajibi ne.

Ma'aikatan lafiya na shawartar a yi gwajin jini kafin shan magani, domin ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba. Idan an ba da artemether-lumefantrine, a sha sau shida cikin kwana uku, tare da abinci mai maiƙo ko madara, ko da jiki ya yi sauƙi tun ranar farko.

Maganin rigakafin yara ma na kwana uku ne a kowane zagaye, ba na ranar da masu rabo suka zo kaɗai ba. A kuma kwana cikin gidan sauro.

Yaron da ya fara jijjiga, ko ya kasa sha, ko yake amai ba ƙaƙƙautawa, a garzaya da shi asibiti. Idan kuma zazzaɓi ya dawo bayan an shanye magani daidai, a koma a faɗa wa ma'aikacin lafiya, domin daga irin wannan rahoto ake fara gane cewa ƙwayar ta sauya salo.