Ina Albashin Bompai Yake Kwana?

Wanda ya tsaya a ƙofar masana'antun Bompai a shekarun 1970, lokacin da masaƙu da kamfanonin man gyaɗa ke aiki ba dare ba rana, zai rantse matan auren Kano ba su da ko sisi a wannan arziki. Maza ke shiga, maza ke fita. Littafin da mai bincike Paul Lubeck ya fitar a 1986 kan leburorin Kano ma kusan duk labarin maza ne. Amma a Dakata da Gwagwarwa da Tudun Wada, inda leburorin ke kwana, matan da ba su taɓa leƙa cikin kamfani ba suna zuba adashi, suna kai gudummawar biki, suna jera wa 'ya'yansu kwanuka ranar aure. Daga ina?

Za a ce daga miji. To, albashin lebura kuɗin haya da hatsi da cefane ke lashe shi tun wata bai raba ba. Ko suna satar jiki su yi aikin dare? Sashe na 55 na dokar ƙwadago ya hana sa mata aikin dare a masana'antu, kulle kuwa ya riga dokar hanawa.

Sawun kuɗin yana nan bakin ƙofar kamfani da rana tsaka, raini ne ya sa ba a gan shi ba: yarinya da faranti a ka, ɗauke da ɗanwake ko alale ko shinkafa da wake. Lebura ya ci bashi, ƙarshen wata ya biya. Bi yarinyar nan, za ta kai ka wani zaure, bayansa akwai mace da murhu da tukunya. A 1969 mai bincike Polly Hill ta rubuta kan irin wannan ɓoyayyen ciniki bayan zamanta a Batagarawa ta Katsina, wata mai binciken, Enid Schildkrout, kuma ta tarar da shi a cikin birnin Kano wajen ƙarshen shekarun 1970. Uwa na ɗaka, yara ne ƙafafunta. Ashe wani kaso na albashin Bompai a kan faranti yake komawa unguwa.

Sai dai me ya hana maigida miƙa hannu ya karɓe? Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan malamai. Ci da sutura da wurin kwana suna wuyan miji, abin da mace ta samu da hannunta nata ne. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne ta sayar wa mijinta ƙosai ya biya, ko ta ranta masa kuɗi ta bi abinta.

Wannan takun saƙa tsakanin imani da iyali da haƙƙin mace ba namu kaɗai ba ne. Cocin Mormon, mai hedikwata a jihar Utah ta Amurka, ta sanar a 1995 cewa ciyarwa ta uba ce, reno na uwa. Kate Kelly, lauya 'yar cocin, ta kafa ƙungiyar neman a naɗa mata limanci a 2013, a watan Yunin 2014 aka kore ta daga cocin. Matar Dakata kuwa ba ta nemi mumbari ba, hujjarta daga littafin malamin mijinta ta ɗauko ta. Ko da aka kafa ƙungiyar mata ta WIN a Zariya a farkon shekarun 1980, da ta mata Musulmi, FOMWAN, a Minna a 1985, an tarar ta daɗe da asusunta.

Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na SAP na 1986, ga rashin wutar lantarki, ga atamfar waje ta cika Kantin Kwari, masaƙu suka yi ta rufewa. Maigida ya dawo gida hannu rabbana. Yau a Sharada da Challawa za ka ga mata da hijabi suna sammakon zuwa gyaran riɗi da zoɓo, biyan yini, wasu sai da aka kai ruwa rana kafin su sami izinin fita.

Sauran bashi ɗaya ba a biya ba. Lokacin da aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976, yarinyar mai faranti tana ƙofar kamfani, sa'o'inta suna aji. Iyaye mata, in sana'a ta kama, a ɗauki mai aike a biya shi, a bar yarinya ta tafi makaranta.